Labarin Yaƙin Amurka da Ingila na Shekarar 1812

Ran 18 ga watan Yuni na shekarar 1812, wadda ta yi daidai da 1227 ta Hijira, shugaban Amurka James Madison ya sa hannu a takardar shelar yaƙi da Ingila, bayan majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 79, 49 suka ƙi, majalisar dattawa kuma ta amince da ƙuri'a 19, 13 suka ƙi. Kuma duk wanda ya dubi wannan ƙidaya da idon basira zai gane ƙasa ce ta shiga yaƙi zuciyarta a rabe. Abin da babu wanda ya sani a Washinton ran nan shi ne, kwana biyu kafin haka gwamnatin Ingila ta riga ta shaida wa majalisarta a Landan cewa za ta janye dokokin da suka shaƙe cinikin Amurkawa a teku, waɗanda ke kan gaba cikin ƙorafin da aka kafa hujjar yaƙin a kansa, ta kuwa janye su ran 23 ga watan. To, zamanin nan babu tangarahu, labari ba ya ƙetare tekun Atlantika sai a cikin jirgin da iska ke kora, wanda kan share makonni a hanya; saboda haka kafin albishir ya iso an riga an zare takobi, mayar da shi kube kuwa sai da ya ci shekara biyu da rabi.

Asalin husumar ba a Amurka yake ba. Tun da Amurkawa suka yi shelar 'yancinsu a 1776, Ingila kuma ta yarda da shi a 1783, babu wata soyayya tsakanin uwa da 'yar da ta fice daga gida, amma ciniki ya ci gaba, har Allah ya kawo zamanin Napoliyon, sa'ad da Ingila da Faransa suka riƙe wuyan juna, kowace na neman ta kashe 'yar'uwarta da yunwa tun da ta kasa kashe ta da makami. Napoliyon ya haramta wa Turai ciniki da Ingila a 1806. Ingila ta mayar da martani a 1807 da dokokin da suka wajabta wa duk jirgin da ke nufin tashoshin Faransa ya fara biyawa ta tashar Ingila. Fataken Amurka, waɗanda ba su da faɗa da kowa kuma suna cin ribar rashin shiga faɗan, sai suka wayi gari in sun bi umarnin wannan wancan ya ƙwace musu jirgi, in sun bi na wancan wannan ya ƙwace.

Akwai kuma abin da ya fi asarar dukiya ciwo. Aikin jiragen yaƙin Ingila aiki ne na azaba, ga bulala, ga ƙarancin lada, ga abinci marar kyau, don haka mutane kan gudu su koma jiragen fataken Amurka inda ake biya da tsoka. Ingila kuwa, wadda rayuwarta ta rataya a kan jiragen nan, ba ta yarda cewa wanda aka haifa talakan Sarkin Ingila zai iya tuɓe wannan riga don ya karɓi takardar wata ƙasa ba. Sai hafsoshinta suka riƙa tsayar da jiragen Amurka a tsakiyar teku, su jera ma'aikata, su zaɓi wanda suka ga dama su tafi da shi, kuma cikin dubban da aka kama haka da yawa haifaffun Amurka ne. A watan Yuni na 1807 abin ya kai intaha, da jirgin Ingila mai suna Leopard ya buɗe wa jirgin yaƙin Amurka Chesapeake wuta a bakin gaɓar Virginia, ya kashe mutum uku, ya raunata goma sha takwas, ya ɗauke huɗu. Shugaban lokacin, Thomas Jefferson, bai so yaƙi ba, sai ya hana jiragen ƙasarsa fita ciniki gaba ɗaya, da zaton rashin kayan Amurka zai durƙusar da Ingila. Amma waɗanda suka durƙusa su ne fataken Boston da New York, aka soke dokar a 1809.

Sai dai a nan akwai abin lura, wanda a ganina shi ne mabuɗin tarihin nan duka. Mutanen bakin teku na arewa maso gabas, waɗanda jiragensu ake ƙwacewa kuma 'ya'yansu ake kamawa, su ne suka fi kowa ƙin yaƙin. Masu zuga wutarsa a majalisa, irin su Henry Clay na Kentucky da John Calhoun na Carolina ta Kudu, wakilan yamma da kudu ne, kuma idon mutanensu yana kan ƙasa, watau dazuzzuka da filayen da ke bayan kogin Ohio, waɗanda suke da masu su tun kafin Bature ya taka nahiyar.

Cikin waɗannan 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, Allah ya tayar da wani mutum daga ƙabilar Shawnee mai suna Tecumseh, wanda abokan gabansa ma sun yi masa shaidar fasaha da jaruntaka da tausayin fursuna. Ƙanensa Tenskwatawa ya yi da'awar ana yi masa ilhami, yana wa'azin a bar giya, a bar kayan Turawa da al'adunsu, a koma tafarkin kakanni. Shi kuwa Tecumseh ya ɗauki wannan farkawa ya gina siyasa a kanta. Hujjarsa ita ce ƙasa ta dukan ƙabilu ce baki ɗaya, babu wani sarki ko wata ƙabila da ke da ikon sayar da ko taki ɗaya sai da yardar sauran. Kuma ya san sarai dabarar gwamnatin Amurka ita ce ta ware dattawan ƙabila ɗaya, ta cika su da kyauta da bashi, ta karɓi sa hannunsu. Haka gwamnan yankin Indiana, William Henry Harrison, ya yi a yarjejeniyar Fort Wayne ta 1809, inda ya karɓe eka wajen miliyan uku. Tecumseh ya same shi a Vincennes a 1810 ya faɗa masa ido da ido cewa cinikin nan ɓatacce ne, sa'an nan ya shiga yawon ƙabilu daga manyan tafkuna na arewa har zuwa ƙasar Creek a kudu yana kiran haɗin kai. Yana can kudu Harrison ya tasam ma garinsu da runduna, aka gwabza a Tippecanoe ran 7 ga Nuwamba 1811, aka ƙone garin da rumbunansa. Amurkawa suka ce Ingilishin Kanada ne ke ba Indiyawa bindiga da albarushi, kuma akwai ƙanshin gaskiya a zargin. Amma wanda ake cinye wa gonar gado ba ya bukatar baƙo ya koya masa fushi. Daga ran nan Tecumseh ba shi da wata mafita sai ƙawance da Ingila, ko da yake bai manta ba cewa a sulhun 1783 Ingila ta miƙa ƙasarsu ga Amurka ba tare da ta ambaci sunansu ba, kuma a 1794, bayan an karya su a Fallen Timbers, sojan Ingila sun rufe musu ƙofar sansani suna gudun neman mafaka.

A lokacin Amurka tana da mutane fiye da miliyan bakwai, Kanada, wadda ke hannun Ingila, ba ta wuce rabin miliyan ba, sojan Ingila kuma sun tafi yaƙin Napoliyon, har Jefferson ya ɗauka cin Kanada bai wuce a yi tattaki a shiga ba. Ba haka ta kasance ba. Janar William Hull, tsohon sojan yaƙin 'yanci wanda shekaru suka riga suka cim masa, ya ƙetara Kanada daga Detroit, ya ji motsi ya komo ya kulle kansa a ganuwa da mutum fiye da 2,000. Janar Isaac Brock na Ingila da Tecumseh suka kewaye shi da rundunar da ba ta kai tasa ba. Brock ya sa wa 'yan sa-kai jajayen rigunan horarrun soja, ya kuma aika masa da takarda cewa in aka fara faɗa ba zai iya riƙe Indiyawa ba. Hull, wanda 'yarsa da jikokinsa ke cikin ganuwar, ya miƙa wuya ran 16 ga Agusta ba tare da wani faɗan kirki ba. Daga baya kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, Madison ya yi masa afuwa. A watan Oktoba wata rundunar ta ƙetare kogin Niagara, aka karya ta a Queenston, domin 'yan sa-kan New York sun tsaya a gaɓa sun ce ba a ɗauke su don yaƙi a wajen ƙasarsu ba. Ingila ta ci nasara ran nan, amma ta rasa Brock, wanda harsashi ya same shi a ƙirji, kuma da mutuwarsa Tecumseh ya rasa Baturen da ya fi ganin girmansa.

Inda ba a zata ba, can Amurka ta sami abin wanke fuska. Jiragen yaƙinta ba su kai ashirin ba, na Ingila sun haura ɗari biyar, amma kwana uku bayan faɗuwar Detroit jirgin Constitution, a hannun Isaac Hull, ɗan ɗan'uwan wancan janar da ya miƙa wuya, ya ragargaza jirgin Ingila Guerriere, kafin shekara ta ƙare kuma aka ƙara cin wasu manya biyu. Wannan ya girgiza Landan, amma bai canja ma'auni ba, gama Ingila ta ƙaro jirage ta toshe bakin tashoshin Amurka har ciniki ya tsaya, kuɗin shiga na baitulmali ya ƙafe. A tudu kuma yaƙin ya ɗauki halin ramuwar gayya: a Afrilu 1813 Amurkawa suka ci York, wadda ita ce Toronto ta yau, aka ƙone majalisarta, a Disamba suka ƙone garin Newark suka bar mata da yara a cikin ƙanƙara, Ingilishi suka rama a kan Buffalo.

Abin da ya yanke ƙaddarar yamma a kan ruwa ya faru. Wani saurayin hafsa, Oliver Hazard Perry, ya sa aka sassaƙa jirage da ɗanyen katako a bakin tafkin Erie, ran 10 ga Satumba 1813 kuma ya kara da jiragen Ingila. Da aka lalata jirgin da yake ciki ya shiga kwalekwale ana ruwan harsashi ya koma wani, ya juya faɗan har ya kama jiragen abokan gaba shida duka. Da tafkin ya fita hannunsu, hanyar abinci ta yanke wa Janar Henry Procter, magajin Brock a wannan fage, sai ya ƙudura janyewa gabas. Tecumseh ya miƙe a gaban taro ya tuna masa alkawarin da aka yi musu, ya kamanta shi da ƙosasshiyar dabba mai ɗaga wutsiya wadda in ta tsorata takan cusa ta tsakanin ƙafafu ta ruga, ya ce in tafiya za su yi su bar musu makamai, su a nan za su bar ƙasusuwansu. Duk da haka ya bi su, don ba shi da zaɓi. Harrison ya cim musu a bakin kogin Thames ran 5 ga Oktoba. Sahun Ingilishi, da yunwa da gajiya suka riga suka ci ƙarfinsu, ya watse tun karon farko, Procter ya hau doki ya tsere, aka bar Tecumseh da mutanensa a cikin fadama suna faɗa har aka kashe shi. Har yau ba a san kabarinsa ba. Haɗin kan da ya yi shekaru yana ɗinkawa bai rayu bayansa ba, kuma wani kanar mai suna Richard Johnson, da aka ce shi ya harbe shi, ya ci albarkacin wannan suna har ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1837.

A kudu ma haka aka yi, sai dai jinin ya fi yawa. Ƙabilar Creek ta rabu biyu, masu amsa kiran Tecumseh da masu son zaman lafiya da Amurka. Bayan ɓangaren farko sun hallaka ɗaruruwan mutane a sansanin Mims a Agusta 1813, Janar Andrew Jackson na Tennessee ya fito musu, tare da taimakon 'yan Cherokee da ɗaya ɓangaren na Creek, ya rutsa su a wata kwanar kogi da ake kira Horseshoe Bend ran 27 ga Maris 1814, aka kashe musu mayaƙa wajen 800. Sa'an nan ya tara sarakunan Creek, waɗanda akasarinsu a gefensa suka yi yaƙi, ya tilasta musu sallama eka fiye da miliyan 20, ƙasar da ba da jimawa ba ta zama gonakin auduga da bayi ke nomawa.

A Afrilu 1814 Napoliyon ya sauka daga mulki, hannun Ingila ya saku, ta fara turo gogaggun sojanta da ma'aikatan jirgi zuwa Amurka. Cikin samarin hafsoshin da aka aika tafkunan Kanada a shekarar nan akwai wanda tarihinmu ya sani, Hugh Clapperton, wanda shi kansa da kamun tilas ya shiga aikin jiragen yaƙi. Shi ne bayan shekara goma ya iso Kano da Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya komo karo na biyu, ajali ya same shi a can a 1827.

A wannan wata na Afrilu 1814 ne kuma babban kwamandan jiragen Ingila a gaɓar Amurka, Alexander Cochrane, ya yi shela cewa duk mazaunin Amurka da ya zo gare su za a karɓe shi da iyalinsa, ko ya shiga soja ko a kai shi wata ƙasar Ingila ya zauna ɗa. Bai ambaci bayi ba, amma kowa ya san da wa ake. Ba don tsoron Allah aka yi shelar ba, gama Ingila, ko da ta hana fataucin bayi a 1807, tana riƙe da nata bayin a tsibiran Karibiyan har bayan shekara ashirin. Makida ce ta yaƙi. Amma bawan da ke gonar taba a Virginia ko Maryland ba ruwansa da niyyar mai buɗe ƙofa. Cikin dare suka riƙa satar kwalekwale, maza da mata da goyo, suna nufar fitilun jiragen da ke tsaye a mashigin Chesapeake, har adadin waɗanda suka tsira a tsawon yaƙin ya kai wajen 4,000. Aka ɗauki ɗaruruwa daga cikinsu soja, suka zama 'yan jagora masu sanin kowane rafi da kowace hanya, kuma suna cikin rundunar da ta shiga Washinton.

Rundunar nan, mutum wajen 4,500 a ƙarƙashin Janar Robert Ross da George Cockburn, ta gamu da Amurkawa a Bladensburg ran 24 ga Agusta 1814, Madison da kansa yana filin. 'Yan sa-kai suka watse, ba wanda ya tsaya sai wasu ma'aikatan jirgi da igwoginsu. Da magariba Ingilishi suka shiga babban birnin. Uwargidan shugaba, Dolley Madison, ta riga ta fice bayan ta sa an ciro babban hoton George Washington daga bango. Hafsoshin Ingila suka tarar da abincin da aka shirya wa mai gida a kan tebur, suka ci, sa'an nan suka cinna wa gidan wuta. Suka ƙone majalisa da taskar littattafanta mai kimanin littafi 3,000, da baitulmali, da sauran ma'aikatun gwamnati, suka ce sakayyar York ce, amma galibin gidajen talakawa ba a taɓa su ba. Kashegari aka yi guguwa da ruwa mai ƙarfi, da dare kuma suka koma jiragensu. Ƙona littattafai ba shi da uzuri ko a wane yaƙi, kuma a Landan ma an sami masu faɗin haka.

Daga nan sa'a ta juya. A Baltimore aka harbe Ross, jiragen Ingila suka kwana suna ruwan wuta a kan ganuwar McHenry ba ta faɗi ba, har wani lauya, Francis Scott Key, da ya ga tuta na nan da asuba, ya tsara waƙar da ta zama taken ƙasar a 1931. A arewa kuma, ran 11 ga Satumba, Thomas Macdonough ya karya jiragen Ingila a tafkin Champlain, abin da ya sa gwamnan Kanada George Prevost ya juya da runduna ta wajen 10,000 daga Plattsburgh.

Tun watan Agusta wakilan ɓangarorin biyu ke zaune a birnin Ghent, a ƙasar Beljiyam ta yau. Amurka ta aiko da gwanayenta, John Quincy Adams da Albert Gallatin da Henry Clay ɗin nan mai zuga yaƙi; Ingila ta aiko da na baya-baya, domin manyanta suna shirin taron Vienna inda za a raba gadon Napoliyon. Da fari Ingilishi suka kafa sharaɗi, suka ce babu sulhu sai da shi, cewa a keɓe wa Indiyawa ƙasa tasu tsakanin Amurka da Kanada wadda babu mai saye babu mai ƙwacewa, watau ainihin abin da Tecumseh ya mutu a kansa. Amurkawa suka ce ko kusa. Da labarin Baltimore da Plattsburgh ya iso, ga talakawan Ingila sun gaji da harajin yaƙin shekara ashirin, ga babban janar ɗin Ingila Wellington ya ba gwamnati shawara cewa halin da ake ciki bai ba ta hujjar neman ko taki ɗaya ba, sai sharaɗin nan da aka ce ba makawa ya narke, ya koma wata aya mai cewa a mayar wa ƙabilu haƙƙoƙin da suke da su a 1811, ba tare da an sa mai tsaron ayar ba. Amurka ma a matse take, baitulmali ya kasa biyan bashi, wakilan jihohin arewa maso gabas suna taro a Hartford har ana raɗe-raɗin ɓallewa. Ran 24 ga Disamba 1814 aka sa hannu: kowa ya koma iyakarsa ta da. Kamun ma'aikatan jirgi da haƙƙin ciniki a teku, waɗanda aka ce dominsu aka zub da jini, ko kalma ɗaya ba a rubuta a kansu ba, kuma babu Ba'indiye ko ɗaya a ɗakin.

Takardar tana cikin teku sa'ad da aka yi karo mafi muni. Janar Edward Pakenham, ƙanen matar Wellington, ya nufi New Orleans don ya riƙe bakin kogin Mississippi. Jackson ya tare shi a bayan ganuwar ƙasa da gwalalo a gabanta, da runduna mai gauraye, mutanen Tennessee da Kentucky, da baƙaƙe 'yantattu, da 'yan Choctaw, da 'yan fashin teku na Jean Lafitte. Da safiyar 8 ga Janairu 1815 Ingilishi suka taho a sahu cikin buɗaɗɗen fili, waɗanda aka ɗora wa ɗaukar tsani kuwa sun baro shi a baya, igwa da bindiga suka yi ta girbinsu. Cikin abin da bai fi rabin sa'a ba suka yi asarar mutum fiye da 2,000 tsakanin matattu da raunana da kamammu, har da Pakenham kansa, alhali asarar Amurkawa ba ta kai ɗari ba. Labarin wannan nasara ya riga labarin sulhu isa Washinton da 'yan kwanaki, majalisar dattawa ta tabbatar da yarjejeniyar ran 16 ga Fabrairu, don haka talakan Amurka ya haɗa biyun a zuciyarsa ya ɗauka da ƙarfin makami aka tilasta wa Ingila sulhu. Mutanen Kanada su ma suna ƙirga yaƙin cikin nasarorinsu, tun da an zo cin ƙasarsu ba a ci ba. A Ingila kuwa nasarar ƙarshe a kan Napoliyon a Waterloo, wadda ta zo bayan wata biyar da faɗan New Orleans, ta shafe shi daga zukata.

Malaman tarihi da yawa sukan ce an tashi kunnen doki, kuma tsakanin masu sa hannu biyu haka ne. A 1817 ma sun yarda su rage jiragen yaƙi a tafkuna, ba su kuwa sake ɗaukar makami a kan juna ba. Bayin da suka tsere, Ingila ta ƙi mayar da su, wannan kam a yaba mata. Wajen 2,000 aka kai Nova Scotia da New Brunswick, inda aka ba su ƙasa mai duwatsu ga sanyin da ba su saba da shi ba, sojan cikinsu kuma aka zaunar da su a Trinidad a 1816, inda zuriyarsu take har yanzu. Iyayengijinsu suka yi ta ƙara, aka kai maganar gaban Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya ya yi hukunci, a 1826 Ingila ta yarda ta biya dala 1,204,960, kuɗin kuwa aljihun masu bayi ya shiga.

Ayar da ta yi wa ƙabilu alkawarin komawa halin 1811 ba ta mayar musu da ko eka ɗaya ba, kuma daga Ghent Ingila ba ta ƙara tsaya musu ba. Harrison na Tippecanoe ya zama shugaban ƙasa a 1841. Jackson ya riga shi, a 1829, kuma a 1830 ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa hayin kogin Mississippi. Aka kwashe ragowar Shawnee daga Ohio, aka kwashe Choctaw da suka tsaya masa a New Orleans, aka kwashe Creek a 1836. A 1838, zamanin magajinsa Martin Van Buren, soja suka tattara 'yan Cherokee, waɗanda iyayensu suka ƙetare kogi suka taya Jackson faɗa a Horseshoe Bend, aka kora su yamma cikin hunturu, dubbai suka mutu a sansanonin tsarewa da kan hanya.